Na Duba, Ranki Ya Daɗe

Akwai wani matashin likita da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Kwamfuta, saboda ba a taɓa yi masa tambaya ya rasa amsa ba. Yana tsakiyar horon ƙwarewa ne kan cututtukan cikin jiki na manya, a wani babban asibitin koyarwa. Maganar gaskiya, yaron yana da kai, kuma ba malalaci ba ne. Aibinsa guda ɗaya ne: ya gwammace a mare shi da ya buɗe baki ya ce “ban sani ba” ko “ban duba ba”.

Wanda bai san wannan horo ba zai ɗauka likita ya gama wahala ranar da ya karɓi takardar shaidarsa. Ina! Nan ma aka fara. Likitan da ke horo shi ne mai karɓar sabon majinyaci, shi ne mai ɗibar jini idan jijiya ta ɓuya, shi ne mai bin sakamakon gwaji daga bene zuwa bene, kuma shi ne mai cin abincin rana a tsaye, in ma ya samu ci. Sannan kowace safiya akwai zagaye. Babbar likitar sashen za ta taho, likitocin horo da ɗalibai suna biye da ita, a tsaya gado bayan gado. Wanda majinyacin ke hannunsa ya yi bayani, ita kuma ta yi ta jefo tambayoyi har sai gumi ya karyo masa.

Babbar likitar nan ba ta da tsawa, kuma ba ta zagi. Abin da ta fi nanatawa shi ne, ita ba za ta iya taɓa kowane majinyaci daga kai zuwa ƙafa ba, don haka idanun likitocinta su ne idanunta. Abin da suka ce sun gani, a kansa take yanke shawara.

Abokin Kwamfuta, wanda ake kira Dogo, kullum shi ne abin tsokana a zagaye. Da an tambaye shi abin da bai yi ba sai ya sosa ƙeya ya ce, “Ban duba ba, ranki ya daɗe, bari in duba yanzu.” Kwamfuta yakan yi masa dariya a ɗakin hutu.

“Kai dai ba ka gajiya da zubar da kanka a gaban ɗalibai. Ka riƙa amsawa da ƙarfi mana.”

“To in amsa abin da ban gani ba?”

“Ai likita ba ya in-ina,” in ji Kwamfuta.

Wata safiya aka kawo wani dattijo, direban babbar mota, mai ciwon suga. Zazzaɓi ya rufe shi, sugansa ya hau, yana ta rawar sanyi, har matarsa ta lulluɓe shi da bargo ta sa masa safa mai kauri. Kwamfuta ne ya karɓe shi. Ya saurari ƙirjinsa, ya danna cikinsa, ya leƙa maƙogwaronsa, ya ɗebi jini. Yana shirin yaye bargon ke nan aka kira shi da gaggawa wurin wata mata da numfashinta ya sarƙe. Kafin ya dawo, zagaye ya iso gadon direban.

Ya yi bayani tiryan-tiryan, babu gargada. Ɗalibai suna ta gyaɗa kai. Babbar likita ta saurara har ya gama, sannan ta ce, “Mai suga da zazzaɓi. Daga ina zazzaɓin ya fito? Ka duba ƙafafunsa?”

Kowane likita a sashen ya san dalilin tambayar. Suga yakan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai ji ba, ciwo ya ruɓe a ɓoye. Kwamfuta ma ya sani. Ya dubi ɗaliban da suka zuba masa ido, ya dubi Dogo.

“Na duba, ranki ya daɗe. Lafiya lau suke.”

“Madalla. To mu nemi dalilin a fitsari da huhu. A fara masa maganin da muka saba kafin sakamako ya fito.”

Aka wuce gado na gaba. Kwamfuta ya ce a ransa, ba komai, da an gama zan dawo in duba. Amma zagaye ya yi tsawo, daga nan kuma aka tura shi ɗakin ganin masu zuwa su koma gida, inda layi ya kai har bakin ƙofa. Sai da rana ta take sannan ya samu ya sulale ya dawo.

Ya ja labule ya kewaye gadon, ya ce, “Baba, bari in ga ƙafar nan.”

Yana zare safar dama wani wari ya bugi hancinsa. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami mai zurfi yana tsiyayar ruwa, tafin ƙafar ya kumbura, ja ya fara haurowa wajen idon sawu.

“Mama, tun yaushe wannan?”

Matar ta leƙo ta dafe ƙirji. “Innalillahi! Wallahi likita ban sani ba. Ya dai ce takalmi ya matse shi. Maigida, ba ka jin zafi?”

“Ko kaɗan,” in ji direban.

Kwamfuta ya san abin da ya kamata. A sanar da babbar likita yanzu, ta kira likitocin tiyata su buɗe wurin su kwashe ruɓaɓɓen nama kafin ya yaɗu, a kuma sauya magani zuwa mai ƙarfi. A tsarin sashen, duka biyun sai da saninta. Ya ciro wayarsa, ya nemo lambarta, ya tsaya yana kallo. Me zai ce? Ƙafar da ya ce lafiya lau da safe a gaban ɗalibai ita ce ta ruɓe kafin azahar? Ko yaro ba zai yarda ba. Ya mayar da wayar aljihu.

A nan ne fa ya yi ɓarnar da ta fi ta safe muni. Ya ɗauko auduga da ruwan wanke ciwo, ya wanke wurin da kansa, ya naɗe da bandeji tsaf, ya ja bargo ya rufe. Ya lallashi kansa cewa maganin da aka fara zai riƙe ciwon zuwa gobe, in ya so a zagaye sai ya ce yanzu ya lura da wani ɗan kumburi. Matar tana ta sa masa albarka, shi kuwa ko kallonta bai iya yi ba.

Da yamma ya zo miƙa aiki ga Dogo, wanda zai riƙe ɗakin zuwa wayewar gari. Wannan miƙa aikin amana ce, domin abin da aka faɗa maka shi za ka sa wa ido.

“Direban nan fa?” in ji Dogo. “Ban so yadda yake numfashi ba.”

“Zazzaɓi ne kawai. Muna jiran sakamako.”

“Ba wani abin da zan lura da shi?”

Maganar ta zo har bakin Kwamfuta. Ya haɗiye ta. “Babu. In jikin ya yi zafi ka ƙara masa ruwa.”

Ya tafi gida, amma abinci ya ƙi shiga, zama ya gagare shi. Tsoro ne fal cikinsa, kuma duk da haka girman kai bai bar shi ya ɗaga waya ba.

Da sassafe ya shigo ɗakin da sauri, sai ya hango labulen gadon a jaye, nas-nas suna shiga suna fita. Dogo yana tsaye da jajayen idanu yana matsa ledar ƙarin ruwa, babbar likita kuma ta riga ta iso, domin shi Dogon ya kira ta da ya ga jinin direban yana ta sauka, yana surutai marasa kan gado.

“Huhu lafiya, fitsari lafiya,” in ji ta. “To daga ina wannan guba take shiga jininsa?”

Ba ta jira amsar kowa ba, ta kama bargon ta yaye. Ta tsaya cak. Ja da kumburi sun haura har ƙwauri, yatsun sun yi baƙi, ga kuma farin bandeji an naɗe shi da ƙwarewa.

“Wa ya ɗaure wannan?”

Sai matar direban ta matso tana share hawaye da gefen mayafinta, ta nuna Kwamfuta.

“Wannan bawan Allah ne, likita. Tun jiya da rana ya gani, ya wanke masa da hannunsa, ko ƙyama bai yi ba. Allah dai ya saka masa da alheri.”

Babbar likita ta juyo ta dube shi. Dogo ma ya dube shi, ya kawar da kai. Ita kuwa ta ɗaga waya ta kira sashen tiyata, kafin wani lokaci an gungura direban an fita da shi.

Sai bayan an shiga da shi ta kira Kwamfuta ofishinta. Ya shiga ya tsaya a gabanta.

“Jiya da safe ka ce ka duba. Ka duba?”

“Ban duba ba, ranki ya daɗe.”

“Da ka faɗi haka jiya, da na ce cire safar mu gani, shi ke nan. Da rana kuma ka gani da idonka. Me ya hana ka kira ni?”

Ya sunkuyar da kai.

“Rashin sani ina iya gyara shi, aikina ke nan. Amma likitan da zai ce mini ya gani bai gani ba, ya kuma gani ya rufe, ban san yadda zan bar masa majinyaci ba. Maganarka tana gaban hukumar horo. Kafin nan, ni da kai za mu je wurin mutanen nan, kuma da bakinka za su ji.”

Allah ya yi direban yana da sauran kwana, amma sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Daga baya kuma hukumar ta dakatar da Kwamfuta daga horon. Ranar da direban ya dawo hayyacinsa, babbar likita ta tasa Kwamfuta a gaba har bakin gadon. Dattijon yana kwance yana kallon inda bargo ya lotsa. Da ya ga Kwamfuta sai ya yi ƙarfin hali ya miƙa masa hannu.

“Likita, an ce kai ka fara gani. Ni tuƙi ne kaɗai sana'ata, da shi nake ciyar da yara, kuma na san ya ƙare. Na yarda da ƙaddara. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Da an kai ni tiyata tun ranar da ka gani, da an ceci ƙafar?”

Kwamfuta ya dubi babbar likita, ba ta taimake shi ba. Hawaye suka zubo masa.

“Da wataƙila an cece ta, Baba. Ni ne na ɓoye.”

Dattijon ya dube shi, sannan ya zare hannunsa a hankali ya juya fuskarsa ga bango.

Darasin wannan labari a fili yake. Duk wanda aka damƙa wa amanar wani, likita ne ko ba likita ba, kada ya ji kunyar cewa “ban sani ba” ko “ban duba ba”. Kunyar faɗin haka ta ɗan lokaci ce, kuma a kanka kaɗai take tsayawa. Ƙaryar da ka yi don kare girmanka kuwa sai ta nemi wata ƙaryar ta rufe ta, kuma wanda ya yarda da kai shi ne zai ɗauki nauyinta har ƙarshen rayuwarsa. In ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa.