Likitar da Malam Hodi Ya Ƙera da Baki

Akwai wani bawan Allah a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi, ana ce masa Malam Hodi, wanda ya rantse duk faɗin jihar nan babu uban da ya kai shi sa'ar haihuwa. Hujjarsa tana cikin wayarsa: hoton 'yarsa Riskuwa sanye da farar riga, a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a.

"Ɗiyata likita ta," in ji shi. "Ba irin ƙananan nan masu ba da farasitamol ba."

Mutumin Argungu ne, taki da maganin feshi yake sayar wa manoman shinkafa. Waɗanda suka san shi sun san ba ya auna magana da ƙaramin mudu. Shi ne mai labarin giwan ruwan da ya kama yana saurayi, wanda sai da aka cire ƙofar gidansu kafin ya shiga. Wannan kifin bai taɓa cutar da kowa ba, shi ya sa ake ƙyale shi.

Gaskiyar zance kuwa, Riskuwa tana shekarar ƙarshe a wata jami'a can kudu, tana karanta kimiyyar kwalliya da lafiyar jiki. Digiri ne cikakke. Suna nazarin fata da gashi da farce, da sinadaran da ake haɗa sabulu da man shafawa, da abin da ke gyara jiki da abin da ke ƙona shi. Farar rigar kuma kowa a ajinsu yana sa ta ranar gwaji.

Likitanci ya so mata, ita ta ce wannan take so. Ran da ya ji sunan kwas ɗin sai ya tambaya ko yanzu zanen gira ma sai an je jami'a, abin da matan unguwa ke yi kyauta a gaban madubi. Mahaifiyarta Zuhura ce ta tsaya mata har ya bari ta tafi. Amma a majalisar ƙofar shagon Lamidi mai kayan babur, inda suke zama bayan la'asar, ya mayar da kwas ɗin likitanci.

Likitar kuma sai ƙara girma take yi. Bara tana yin allura. Bana ta fara fiɗa. Kafin damina ta faɗi, har manyan likitoci suna kiranta a waya suna neman shawara.

Tsofaffin 'yan majalisa sun iya sauraronsa, suna ɗaukar rabi su bar masa rabi. Matsalar ita ce Malam Irimiya, wani malamin sakandare mutumin Filato da bai daɗe da tarewa a unguwar ba. Shi in ka ce masa abu kaza ne, to kaza ne.

Wata rana ya ce zai kai matarsa Sara asibiti. Ƙusa ta taka, ciwon ya ƙi warkewa a tafin ƙafarta. Malam Hodi ya ce wane irin asibiti, ya je ya bi layi tun safe alhali ga babbar likita tana tafe hutu? Ya ce masa ya jira kawai.

Ba mugunta ya yi nufi ba. Bakinsa ne ya riga shi. Amma Irimiya ya jira. Makonni suka wuce ana wanke ƙafa da ruwan ɗumi da gishiri.

Ranar da Riskuwa ta iso, ko ruwa ba ta gama sha ba ya kira ta zaure. Ya ce gobe za a kawo mata wata ƙafa. Abin da yake so kawai ta duba, ta gyaɗa kai kamar yadda likitoci ke yi, ta ce a shafa wani abu. Shi ke nan.

Ta ce ba za ta bi gida-gida tana shela ba, amma duk wanda ya tambaye ta abin da take karantawa, za ta faɗa masa.

"In kin faɗi, ba ki komawa makaranta," ya ce. "Ki zauna gida ki yi ma awaki kwalliya."

Ya san inda ya taɓa. Zango ɗaya ya rage mata ta kammala.

Da safe Sara ta shigo tana ɗingishi, mijinta ya tsaya a waje wurin maigida. Riskuwa ta kwance tsumman da aka naɗe ƙafar da shi. Ciwon ya yi zurfi, gefensa ya fara baƙi. Ta matsa yatsun ƙafar, Sara ta ce ba ta ji komai ba. Ta tambaye ta ƙishirwa da yawan fitsari, ta ce ai kullum cikin su take.

A ajinsu na gyaran ƙafa da farce, kafin a ba su ko almakashi, abin da aka fara koya musu shi ne irin ƙafar da ba a taɓawa. Ga ta nan a gabanta.

"Likita, me kika gani?" in ji Sara.

Zuhura ta bar tsintar shinkafar da take yi tana kallon 'yarta.

Riskuwa ta dubi Sara ta ce, "Mama, ni ba likita ba ce. Kimiyyar kwalliya da lafiyar jiki nake karantawa. Abin da na sani shi ne wannan ƙafar ta wuce wurina, kuma bai kamata ta kwana a gida ba. Tashi mu tafi asibiti."

Ta ja hijabinta, ta fita ta tsayar da keke napep. Malam Hodi yana ganin an fito da sauri ya ce wa Irimiya ka gani ko, aikin manya ba ya son jira.

A asibiti aka auna Sara, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinta ba a sani ba. Nan take aka ba ta gado.

Riskuwa ta dawo da azahar, ta durƙusa a gaban mahaifinta ta faɗa masa duk abin da ta ce wa Sara, ba ta rage ko kalma ba. Ya ce to maganarsa tana nan, makaranta ta ƙare.

"Baba, kai ka haife ni, ba zan ɗaga maka murya ba. Amma karatuna ba abin kunya ba ne, kuma jakata ba zan kwance ta ba."

Haka aka yi. Jakar ta zauna a ɗaure a bakin ƙofa har hutun ya zo ƙarshe. Kullum sai ya tsallake ta zai fita, kullum sai ya yi tsaki, ita kuma sai ta gaishe shi da ladabi kamar ba komai.

Shi dai lissafinsa mai sauƙi ne. Mace mai fama da ciwo ba za ta riƙe abin da aka faɗa mata ba, Irimiya kuma yana can yana jinya. Saboda haka majalisa tasa ce.

Ranar Asabar ya gyara zama a kan benci ya buɗe sabon babi. Ya ce kallo ɗaya ɗiyarsa ta yi wa ƙafar ta gane cutar. Da suka shiga asibiti likitoci suka miƙe tsaye. Babbansu ma shi ya riƙe mata tocila tana aiki.

Yana cikin nuna yadda aka riƙe tocilar ya lura babu mai kallonsa. Bayansa ake kallo. Malam Irimiya ne tsaye da kular abinci a hannu.

Irimiya ya gaishe da kowa, sannan ya ce Sara ta samu sauƙi, ƙafar ta tsira. Likitan da ya duba ta ya ce da an ƙara jinkiri da sai an yanke. Ya ce shi ma a cikin keke Riskuwa ta faɗa masa gaskiyar karatunta, ta kuma ba su haƙuri a kan jiran da aka sa su yi.

"Malam Hodi, likitarka ta kusa raba matata da ƙafarta. Mai kwalliyar ce ta cece ta. Yanzu kuma na ji an ce ita za a hukunta."

Wani da ba Malam Hodi ba da ya nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa gyara hula ya yi.

"Wa ya ce hukunci? Ai ni na zaɓa mata wanga kwas da kaina. Likitanci kowa na yi. Na ɓoye ne saboda bakin mutane."

Irimiya ya ce to madalla, ke nan jibi tana komawa makaranta. Malam Hodi ya ce shi da kansa ma zai kai ta tasha. Irimiya ya juya ya ce jama'a ku shaida, aka ce an shaida.

Lamidi, wanda tun ɗazu yake goge wani fulogi, ya ɗago kai.

"Malam, tunda kai ka zaɓa, mene ne sunan kwas ɗin?"

Malam Hodi ya buɗe baki. Ya kalli sama, ya kalli Irimiya ko zai tuna masa. Irimiya ya kau da kai.

"Kimiyyar… kimiyya dai ta."

"Wace?" in ji Lamidi. "Ba sauri muke yi ba."

Darasi: Kada kunyar majalisa ta sa ka canza wa ɗanka karatu da baki. Ƙaryar da kake gani ta nishaɗi ce, wani yana can ya ɗauke ta da gaske, har ya jingina lafiyarsa da ita. Ke kuma mai karatun da ake yi wa dariya, riƙe abinki, ki faɗi sunansa da ƙarfi, ki kuma san inda iliminki ya tsaya. Ku tura wa iyayen da har yau ba su iya faɗin abin da 'ya'yansu ke karantawa ba.