Sitiyarin Hannun Hagu

Akwai wani magidanci a garin Gumel da ake kira Sirajuddeen, ma'aikaci ne a sakatariya. Mutum ne mai natsuwa, ba ruwansa da yawon banza, amma fa in aka zo maganar gem, wato wasan kwamfuta, a nan za ku ga ƙuruciyarsa. Ɗaki guda ya ware a gidansa, ya ajiye kwamfuta, ya ja mata wuta daga sola. Matarsa Mahbuba, wadda tela ce, "ofis na biyu" take kiran ɗakin, wai ya fi zuwa shi a kan lokaci.

Abokin wasansa tun suna firamare shi ne Sabi'u, direban motar kaya da ke jigilar gero da riɗi tsakanin Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar. Duk Asabar bayan la'asar Sabi'u zai ajiye mota ya zo su buga ƙwallo a kwamfuta, kowa da hannun gem ɗinsa, ana yi ana zolayar juna har Mahbuba ta aiko da dambu a tire ɗaya.

Suna da wata doka da suka kafa wa kansu. Duk wanda aka ci, shi zai ɗauki buta ya durƙusa ya zuba wa ɗan'uwansa ruwan wanke hannu. Sabi'u ya sha durƙusawa, Siraj ma ya sha, kuma ba wanda ya taɓa yafe wa wani.

Ana nan, wata rana tayar gaba ta fashe wa Sabi'u a hanyar Sule Tankarkar, mota ta kife da shi. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, ya tashi, amma hannunsa na dama ya daina aiki tun daga kafaɗa. Hannun yana nan, sai dai ko cokali ba ya riƙewa. Tuƙi ya ƙare ke nan, tunda da shi ake sa giya.

To ku ma kun san mu. Tun muna yara ake buge mana hannu in mun kai hagu kwano. Limamin unguwarsu da kansa ya je har gida ya ce masa lalura ce, ya ci abincinsa da hagu ba komai. Sabi'u ya ce ya gode, amma kunya ba ta sake shi ba. Ya daina cin abinci a gaban kowa. Ya daina zama majalisa don kada a miƙo masa hannu. Mutumin da in ya shigo layi sai kowa ya san ya shigo, ya koma zaman ɗaki.

Abin ya dami Siraj ƙwarai. Wata Asabar ya je ya lallaɓo shi, ya zaunar da shi, ya ɗora masa hannun gem a cinya. Abin da aka yi don hannu biyu, ina hannu ɗaya zai iya? Sabi'u yana ta fama, ɗan wasansa yana zagaye a fili. Sai tausayi ya kama Siraj, ya janye 'yan bayansa a hankali, ya bar masa raga a buɗe. Ƙwallo ta shiga.

Sabi'u bai yi murna ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Golanka shayi ya tafi sha ne?"

Siraj ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai ne dai ka iya, mutumina."

"Sadaka ka ba ni, Siraj. Kowa a garin nan tausayina yake ji, kai kaɗai na ɗauka za ka bar ni a yadda ka san ni."

Ya ajiye hannun gem ɗin ya fita, ko dambun bai jira ba. Bayan 'yan kwanaki ya bugo waya, murya a sanyaye, ya ce Siraj ya nemo masa motar kwashe kaya. Wai ƙarshen wata zai tattara iyalinsa ya koma ƙauyensu can bayan Sule Tankarkar, inda ba wanda zai riƙa kallon hannunsa.

Siraj ya san abokinsa. In ya shiga ƙauyen nan ya ja ƙofa, to shi ke nan, an rasa shi.

A daidai lokacin ne kuma Abdulfatah, wani mai shagon waya da kayan kwamfuta a bakin kasuwa, ya aiko cewa kaya sun iso daga Kano. Siraj ya daɗe yana shirin gyara ɗakin gem ɗinsa, kuma Abdulfatah ya san lagonsa. Yana shiga shagon ya baje masa su a kan kanta: ƙaton allo mai lanƙwasa, kibod mai wuta kala-kala, maus mai maɓallai a gefe, da hedfon mai taushi irin wanda ke rufe kunne ruf.

Wallahi allon nan ya shiga ran Siraj. Ya shafa shi, ya ja da baya ya kalle shi, ya sake matsowa. Sai kuma ya tura hannunsa na dama cikin aljihun riga, ya fara taɓa kayan ɗaya bayan ɗaya da hagu.

Abdulfatah ya ce, "Malam Siraj, lafiya? Ciwo ka ji?"

"Lafiya lau. Wannan maus ɗin, maɓallansa duk a ɓangaren babban yatsan dama suke ko?"

"Ai haka ake yin su."

"Kibod ɗin kuma sai da maus, hannu biyu ke nan."

"To da hannu nawa za a yi?"

Siraj ya ce ya ajiye masa su tukuna, zai dawo. Abdulfatah ya bi shi da kallo har ya hau babur, yana mamakin yau kuma me ya samu mutumin.

Da ya koma gida ya ari ɗankwalin Mahbuba, ya ɗaure hannunsa na dama a jikinsa, ya zauna gaban kwamfuta. Ya gwada ƙwallo, ya gwada na harbi, ya gwada duk wani gem da yake da shi. Ba wanda ya yiwu. Gumi ya jiƙe masa riga, haushi ya cika shi, har ya kusa yin jifa da hannun gem ɗin. A nan ne ya gane abin da ya yi wa abokinsa ranar Asabar, sai kunya ta rufe shi.

Kullum ya taso aiki haka yake yi. Rannan ya fito tsakar gida da hannu a ɗaure, ya zube kan tabarma kusa da Mahbuba tana ɗinki.

Ta kalle shi ta ce, "Baban Anas, ɗankwalina dai ya shiga uku."

"Bar ni kawai. Duk abin da na taɓa, hannu biyu yake so."

Ba ta tsayar da keken ba, ƙafarta na ta aiki a ƙasa. Ta ce, "Kai sai hannu kake ta tunani. Ƙafafun Sabi'u fa, wani abu ya same su? Ni nan da me kake ganin nake tuƙa wannan?"

Siraj ya zuba wa ƙafarta ido. Shi kam ƙwallo ce ta rufe masa ido, ya manta abokin nasa direba ne, mutumin da ya yi shekaru yana taka totur da birki. Ya miƙe tsaye ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya nufi ƙofa. Sai da ta kira shi ta kwance masa ɗankwalin, da haka zai fita titi.

Da ya koma shagon, Abdulfatah ya ce shi ba ya kawo sitiyarin gem, amma akwai wani ɗan Damagaram da ke baje kayan kwamfuta sababbi da na hannu a kasuwar Maigatari. Ya ƙara da cewa, "Allon fa, Malam Siraj? Akwai wanda yake ta zarya a kansa."

Siraj ya kalli allon kallo na ƙarshe. Ya ce, "Sayar masa. Nawa tsohon yana nuna hoto ai."

Ranar kasuwa ya tafi Maigatari, ya ratsa ta karar shanu da turken raƙuma har ya samu rumfar mutumin. Sitiyari biyu ya tarar. Ɗaya sabo fil, ja da baƙi, yana ƙyalli, amma ba nauyi, kuma maɓallansa sun taru a dama. Ɗayan tsoho ne, fatarsa ta ɗan goge, sai dai yana da nauyi, yana da abin ɗaure shi a tebur, matakansa na totur da birki kuma masu faɗi ne.

Mai kayan ya ce, "Alhaji, ɗauki sabon, shi yara ke so."

Siraj ya sa hannun dama a aljihu, ya juya sabon da hagu, sai ya biyo shi gaba ɗaya. Ya juya tsohon, ya tsaya cak. Ya ce, "Ba yaro zan saya wa ba."

Ya biya kuɗin tsohon, amma bai tsaya nan ba. Ya biya wajen masu kayan tarakta ya sayi ɗan ƙwallon nan da ake ɗaurawa a sitiyari don a juya shi da hannu ɗaya. Ya kai wa kafinta matakan aka kafe su a jikin katako don kada su riƙa zamewa a kan darduma. Ya saita gem ɗin tsere yadda mota za ta riƙa canja giya da kanta. Sannan ya sake ɗaure hannunsa ya yi ta gwadawa, har ya tabbatar ba abin da zai buƙaci dama.

Asabar ɗin ƙarshen wata ya je gidan Sabi'u. Kaya a ɗaure a zaure, har an naɗe katifa.

Sabi'u ya ce, "Ka samo motar?"

"Za mu yi maganar. Yanzu dai na sayi wani abu ya fi ƙarfina, kullum sai na faɗa kwalbati. Zo ka duba min, in ka ga dama ka dawo."

Da ƙyar ya biyo shi. Suna shiga ɗakin Sabi'u ya ga sitiyari, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Tun ranar hatsarin bai sake taɓa sitiyari ba. Siraj ya ce a ransa, shi ke nan, na sake ɓata lamarin.

Can sai Sabi'u ya tako a hankali. Ya kama ɗan ƙwallon da hagu, ya juya dama, ya juya hagu. Ya leƙa ƙasa ya ga katakon. Idonsa ya sauka kan ɗankwalin da ke rataye a jikin kujera, da ƙullinsa ba a kwance ba.

"Wannan fa?"

Siraj ya sosa ƙeya ya ce, "Da shi nake ɗaure nawa hannun, in ga ko abin zai yiwu."

Sabi'u ya kau da fuska ya ɗan jima, sannan ya zauna ya ja kujerar gaba da ƙafa. Ya ce, "Kujerar ma ba ka iya ajiyewa ba. Ka ji sharaɗina: da hannu biyu za ka yi. In na ga ka sassauta ko sau ɗaya, ba za ka sake ganina a ɗakin nan ba."

"Na yarda."

Sitiyarin ɗaya ne, don haka karɓa-karɓa suka yi, wanda ya fi saurin kaiwa shi ya ci. Siraj ya ba da wuta iya ƙarfinsa. Da Sabi'u ya karɓa ya yi bisimilla kamar yadda ya saba in zai tashi mota, amma bai saba da abin ba, ya bugi shinge a kwanar farko. Siraj ya cinye shi, ci mai kyau, kuma bai ɓoye murnarsa ba. Har tafi ya yi masa a kunne.

Jama'a, sai ga Sabi'u yana dariya. Dariyar da aka yi watanni ba a ji ba, har Mahbuba ta tsayar da keke tana saurare daga tsakar gida.

Ya ce, "Ɗan banza, ashe da gaske kake. A sake."

Aka sake. Wannan karon direba ya dawo. Yana sakin totur tun kafin kwana, ya ɗan taɓa birki, ya murɗa ƙwallon da tafin hannu, mota ta bi kwanar sumul. Siraj ya yi iya yinsa, gumi har cikin ido, amma ko ƙurarsa bai gani ba. Aka yi na raba gardama, nan ma Sabi'u ya wanke shi tas.

Ana cikin haka dambu ya iso a tire ɗaya, da zogale da ƙuli. Siraj bai roƙe shi ba, bai kuma yi masa wa'azi ba. Buta kawai ya ɗauka, ya durƙusa a gabansa kamar yadda dokarsu ta ce, ya jira.

Sabi'u ya kalli butar, ya kalli hannunsa na dama da ke kwance a cinya. Idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya miƙo hagu.

Siraj ya zuba masa ruwan a hankali, shi ma nasa idon ba lafiya ba.

Sai da suka yi nisa da ci Sabi'u ya ce, "Maganar motar kwashe kayan nan, bar ta. Ba zan tafi in bar ka kana irin wannan tuƙin ba, a ce wai abokina ne kai."

Allon mai lanƙwasa wani ya saye shi tuni. Har yau tsohon ne a ɗakin, kuma har yau duk Asabar Siraj ne ke ɗaukar buta. Ban taɓa ganin mutumin da ake ci yana farin ciki irinsa ba.

Darasi: Idan jarrabawa ta samu ɗan'uwanka, kada ka tsaya a tausayi kawai, don wani tausayin ƙara karya zuciya yake yi. Ka sa kanka a halin da yake ciki, ka nemo abin da zai iya da ƙarfinsa, ko da za ka haƙura da abin da ranka ke so, sannan ka ci gaba da ɗaukarsa cikakken mutum kamar da. Ku tura wa abokanku wannan labari, wataƙila akwai wani Sabi'un da ya rufe kansa a ɗaki yana jiran a tuna da shi.