Yadda Mage Ta Lashe Rabon Jikokinta

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

A farkon duniya, tsohuwar Saniya ta ba Mage da Mutum ludayi guda-guda na nonon hankali. Mutum ya zuba nasa cikin sabuwar madara, ta kama, ya shayar da 'ya'yansa, ya rage iri. Mage kuwa ta lashe nata tas.

Da ta haihu, sai ga 'ya'yanta suna bin wutsiyarsu, na Mutum suna hura wuta. Ta ruga wurin Saniya.

"Inna, ƙaro mini!"

"Ina irin da kika rage?"

"Wayyo! Ashe ragewa ake yi?"

"Kin shanye har rabon jikokinki."

Gashin Mage ya tashi tsaye. Shi ya sa har yau ƙwaryar nonon mutane take leƙe, ko za ta samu iri.

Ƙurunƙus, kan ɓeran da ya tsere mata.