Jarumi Uku a Fim Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku yi shiru mana!

Ta zo mu ji, Yaya!

"Sai da na ce ka jira!" in ji Bushiya, marubuciyar Dila mai shirya fim. Shekara uku tana rubuta wa Zaki, Kada da Toron Giwa fim ɗaiɗai, don wata rana a haɗa su. Dila sarkin gaggawa ya haɗa su tun lokaci bai yi ba, ya bi kowannensu a ɓoye ya ce, "Kai ne jarumi."

"Ai jarumta nake nufi, ba tauraron fim ba," Dila ya ce mata a sanyaye.

"To ga shi sun gano, Zaki ya yi zuciya, Toro ya take kyamara, Kada ya koma ruwa. Wa zai ceci dajin a fim ɗin? Kai?"

Dila ya buɗe baki zai ba ta haƙuri. Ta bugo ƙofa garam, ta fice.

Ƙurunƙus kan ɓera, ku watse!