Alhaji Tankari da Asun da Ba Shi da Baki

Akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Tankari, da ke zuwa Guangzhou daga Kano sarin wandunan jins, wajajen 2006. Mutum ne da ba ya tambaya. Kome ka fara faɗa masa, sai ya ɗaga hannu: "Na sani, na sani."

In ya zo, ɗakin ɗan ƙanwarsa Ƙasimu yake sauka. Ƙasimu na karatun ƙwari a wata jami'a a unguwar Tianhe da ke birnin, shi ne kuma tafintan Alhaji.

Ƙasimu na renon wani ƙaton asu, irin na dazuzzukan da ruwan sama ba ya yankewa. Faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, bakin fukafukansa kamar kan maciji. A kansa zai rubuta aikin kammala karatunsa.

Ranar da asun ya fito daga ƙwansonsa, Ƙasimu na aji. Alhaji ya dawo daga kasuwar Canaan, ya tarar da shi manne a buhun kayansa.

Jama'a, Alhaji guda ya daka tsalle sai kan gado: "Wayyo! Maciji mai kai biyu!" Da ya gane asu ne, ya sauko, ya gyara hula, ya fesa masa maganin sauro har gwangwanin ya ƙare.

Ƙasimu ya shigo. "Kawu, me ka yi?"

"Kayana zai cinye! Asu fa!"

"Kawu, wannan ko baki ba shi da shi. Da ka kira ni..."

"Na sani, na sani. Ƙwaro ne dai."

Washegari dole Ƙasimu ya nufi kudu neman wasu ƙwai na irin asun, in ba haka ba ya maimaita shekara.

Alhaji ya tafi Xintang, garin masana'antun jins, shi kaɗai. Mai masana'anta ya ɗaga wando biyu, babba da ƙarami, yana ta tambayarsa wani abu da Sinanci. Alhaji ya tura ciki gaba: "Hao, hao!" wato to, to.

Kwantena ta isa Kano. Wandunan duk awon 'yan China ne. Dillalin farko ya gwada, wando ya tsaya a cinya.

"Alhaji, na 'yan firamare ka saro?"

Alhaji ya buga wa Ƙasimu waya, murya ƙasa-ƙasa: "Wai me mutumin nan yake tambayata ne ranar?"

Ƙasimu ya ce, "Ai ka sani, Kawu."

Darasi: Ka yi tambaya kafin ka ɓata abin da wani ya sha wahala a kansa, wata rana kai za ka buƙace shi. Ku tura wa duk wani "na sani" da ke gidanku.