Reshen da Baba Ya Ɗaura

Akwai wani direban motar haya da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Yanzu-yanzu. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, amma Allah bai ba shi haƙurin sauraro ba. Kafin ka kai tsakiyar magana ya ce, "Na gane, na gane," ya yi gaba. Shayi ma a tsaye yake shan sa, yana hurawa yana ƙona harshe.

Mahaifinsa kuwa manomin lambu ne, mai sanyin hali. A bayan tsohon gidansu akwai wata bishiyar lemon zaƙi da Baba yake reno tun yana saurayi. Ɓawon lemonta sumul ne, ba kauri, zaƙinsa kuma har maƙwabta sun san da shi. Da bishiyar ta tsufa, tsutsa ta shiga gindinta, rassa suka fara bushewa ɗaya bayan ɗaya. Baba, wanda shi ma ƙarfi ya soma barinsa, ya ga lallai a ceci irin kafin ya ɓace.

Wata safiya ya zo gidan ɗansa da wuƙarsa da ɗan reshe a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Babbar 'yarsa, wadda duk gidan ke kira Yaya, ta rako shi. A kusurwar tsakar gida akwai dashen lemon tsami mai kaurin yatsa. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya datse kan dashen, ya tsaga shi, ya fere reshen lemon zaƙin ya cusa a tsagar, sannan ya naɗe wurin tam da leda. Abin da masu lambu ke kira aure ke nan: saiwa ta tsami ce mai juriya, saman kuma na zaƙi.

"Zo ka duba da kyau," in ji Baba. "Ka ga wannan ɗaurin? Shi ne iyaka. Abin da ya tsiro a samansa..."

"Na gane, Baba, na gane," in ji Yanzu-yanzu, yana kaɗa makullin mota a yatsa. "A ba shi ruwa, a sa taki. Fasinja na jira."

Ya fice. Baba ya bi shi da kallo, ya ƙarasa bayanin ga Yaya, ita kuwa washegari ta koma garin da take aure, can nesa.

Ba a daɗe ba Baba ya rasu. Tsohuwar bishiyar ma ba ta kai wata damina ba, aka sare ta aka yi itacen girki. Inna, mahaifiyarsu, ta dawo gidan ɗanta da zama. Idonta ya yi rauni, amma kullum da hantsi sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma kusa da dashen.

"Ba na roƙon komai," takan ce, "sai Allah Ya nuna mini ranar da zan sake ɗanɗana lemon babanku."

A gaskiya ba za a ce Yanzu-yanzu bai so dashen ba. Ya so shi har ya wuce misali. Ya sayo butar ban-ruwa da 'yar fartanya da almakashin datse rassa. Ya kewaye shi da waya saboda awaki, ya yi masa gurbi don ruwa ya zauna, ya lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, sai ga shi tsugune yana tsince ciyayi da hannu.

Sai dashen ya fitar da toho biyu. Na sama, wanda ke kan ɗaurin, siriri ne, ganyensa 'yan kaɗan, yana girma kamar ba ya so. Na ƙasa kuwa ya ɓullo daga kusa da ƙasa, kore shar, mai kauri da ƙayoyi, kullum sai ya ƙara tsawo. Ba a jima ba ya kere na saman. Duk lokacin da Yanzu-yanzu ya dubi siririn, sai ransa ya ɓaci. A tasha ya taɓa jin wani yana cewa reshe mara ƙarfi janye abinci kawai yake yi, kuma wannan rabin maganar ta zauna masa daram.

Ran nan matarsa ta fito da kwanon wanke-wanke, ta gan shi riƙe da almakashi.

"Maigida, me za ka yanke?"

"Wannan malalacin. Shi ke hana ɗan'uwansa sakewa."

"Ni dai ban san lambu ba," in ji ta, "amma na ga a kansa Baba ya sha wahala. Ka kira Yaya mana, ai tana wurin har ya gama."

"Reshe ɗaya ne sai na tara taro? Ido ma ya isa ya nuna miki mai rai."

Ƙas! Ya datse karan daga ƙasan ɗaurin, ya cilla shi kan juji, da ledar da komai. Ya ji daɗin aikinsa ƙwarai, har yana fito.

Daga nan bishiya ta tashi kamar ana jan ta. Ta yi rassa, ta yi inuwa. Idan Yaya ta bugo waya ta ce, "Kana dai cire na ƙasan ko?" sai ya ce, "Komai lafiya, Yaya, na gane," yana tsammanin ciyawa take nufi. Shekaru suka wuce, Inna tana ƙara tsufa, tana jira.

Da bishiyar ta yi 'ya'yan fari, ya aika wa Yaya lallai ta zo. Ya ga lemon ya yi ƙuraje-ƙuraje, amma ya ce haihuwar fari ce. Ya hana kowa taɓawa, domin Inna ce za ta fara. Aka taru a tsakar gida, ya tsinko mafi girma ya sa mata a hannu.

Inna ta shafa ɓawon da yatsunta. Ta kai hanci ta shinshina. Yaya, wadda shigowarta ke nan, ta ajiye jaka ta nufi bishiyar. Ta durƙusa tana laluben gindin, daga ƙasa har inda rassa suka rabu.

"Ƙanena, ina tabon auren?" ta tambaya a hankali. "Ina reshen da Baba ya ɗaura?"

Ya waiwaya ya dubi juji. Matarsa ta sunkuyar da kai.

"Baba cewa ya yi na sama shi ne lemonsa," in ji Yaya. "Duk abin da ya fito a ƙasan ɗaurin tsami ne, a cire shi komai kyansa. Kai kuma..."

Ba ta iya ƙarasawa ba. A karon farko a rayuwarsa ya so a ƙarasa masa magana, ko da zagi ne, amma babu wanda ya ƙara cewa uffan.

Inna ta ɓare lemon duk da haka, ta sa ɓari ɗaya a baki. Fuskarta ta yamutse, hawaye ya gangaro.

"Ka sha wahalar ban-ruwa, ɗana," ta ce. "Allah Ya yi maka albarka."

Wannan addu'ar ta fi masa mari zafi. Ya bi tsofaffin maƙwabta da abokan Baba gida-gida, ko akwai wanda ya taɓa ɗibar reshe daga tsohuwar bishiyar. Ba a samu ba. Daga baya ya koyi yin aure da hannunsa, ya zauna ya saurari mai koya masa har ƙarshe, ya ɗaura wani lemon zaƙin a kan bishiyar. Ya yi zaƙi daidai gwargwado, sai dai ba na Baba ba ne, Inna kuma ba ta kai ga ganinsa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙauna da ƙwazo ba sa maye gurbin sauraro. Idan wanda ya san abu yana yi maka bayani, ka bari ya kai ƙarshe, domin sau da yawa abin da ya fi muhimmanci yana cikin ragowar maganar da ka katse. Kada saurin girma da kyan gani su ruɗe ka, kuma kafin ka yanke abin da ba ya komawa, ka tsaya ka tambaya.