Mai Amya da Ƙarar Kwinin

Akwai wani mutum mai kiwon zuma, amyoyinsa na rataye a bisa itatuwan ɗorawa. Da kunne yake sana'arsa: ya kara shi jikin amya, ya san ko saƙa ta cika.

Ana nan sai zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi. Malamar asibiti ta ba shi kwinin, ta ce ya sha har ya ƙare. Zazzaɓi ya sauka, amma kunnuwansa suka ɗauki ƙara, zuuu, sai ka ce ƙudan zuma sun tare a kansa. Ya kara kunne a amya, bai ji komai ba sai nasa zuuu.

Ya koma asibiti a fusace. "Malama, kin kashe mini kunne! Da me zan ci abinci?"

Ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ƙwayar cutar nan, jininka take ci. A cikin jinin akwai abin da yake dafi gare ta, sai ta dunƙule shi ta ajiye gefe. Kwinin yana hana ta dunƙulewa, dafin ya kashe ta. Ƙwayoyin ba su gama mutuwa ba. In ka daina yanzu, sai su farfaɗo. Kunne zai dawo."

Mutumin ya koma gida ya ƙudura aniyar shanye maganin. Ga ɗaci, ga ƙara, ga maƙwabta suna ta ɗiban zuma, shi kuwa ya runtse ido ya haɗiye. Matarsa Keziya ta ga kurma ya samu, ta saki baki son ranta.

Magani ya ƙare. Wata safiya tana shara tana kwaikwayonsa, "Wayyo Malama, kin kashe mini kunne! Ƙato da shi, ƙwaya ɗaya sai ya yi ta yatsina kamar jariri."

Ya ce, "Keziya, jaririn yana jinki."

Tsintsiya ta faɗi. Shi kuwa ya nufi ɗorawa yana dariya.

Ma'anar wannan misali ita ce, zunubi yana cinmu yana ɓoye dafinsa. Maganar Allah ba ta barinsa ya ɓoye, shi ya sa take da ɗaci, take hana lamiri sakat. Da yawanmu mukan tuba har mu ɗan ji sauƙi, sa'an nan mu ajiye sauran. 'Yan'uwa, kada ku tsaya a rabi. Ku shanye duka. Ƙarar za ta wuce, ku ji muryar Ubangiji sarai, har da abin da ake faɗa a kanku a tsakar gida.